Na kai rautocina gun mai hoton gwal a Jos

Sana'ata haɗa intanet da kyamarorin tsaro a gidaje da shaguna a nan Jos, daga Rayfield zuwa Unguwar Rogo, wani lokacin har Bukuru. Hawa silin da fasa bango ba su ne ke gajiyar da ni ba. Bayani ne. Sai ka gama haɗa wa mutum komai, ka durƙusa gaban rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, ka ce, "Alhaji, a canja kalmar sirrin da ta zo da ita, a kashe wannan maɓallin, kada yara su soka tsinke a wannan ramin." Ya ce to, to, Allah Ya yi albarka. Bayan 'yan watanni ya kira ka wai data tana zurarewa kamar ruwa a kwando, ka je ka tarar rabin samarin layin suna kan Wi-Fi ɗinsa, har da mai shayin bakin titi.

Shi ya sa na yanke shawarar buga ɗan ƙaramin littafi da Hausa, wanda zan riƙa bar wa duk wanda na yi wa aiki: hoto babba, bayani layi biyu ko uku a ƙasa. Inda gizo ke saƙa shi ne hotunan. In ka nemi hoton tsaron intanet, abin da za a jero maka kwaɗo ne a kan kibod, ko wani ƙato ya ja hular rigar sanyi ya rufe fuska a ɗaki mai duhu, koren lambobi na zuba a bayansa. Babu abin da Hajiyar da na kafa wa rauta a falo za ta tsinta a wannan. Ni so nake ta ga bayan irin na'urarta, ta gane maɓallin da nake magana a kai. Wayata kuwa, da zarar na matso da ita kusa sai komai ya koma dishi-dishi, baƙar robar ta kwaso fuskata da fankar shago.

Wani abokin aiki ne ya nuna mini sutudiyon wata baiwar Allah a saman bene, ba nisa da kasuwar Terminus. Ba zan faɗi sunanta ko na wurin ba, tunda a cikin yabon akwai ƙorafi, kuma ƙorafin mun riga mun kashe shi tsakaninmu. Aikinta na yau da kullum ɗaukar hoton sarƙa da zobe da 'yan kunne ga masu sayar da gwal a Instagram, sai kwalaben turare da humra, sai hannun amare in an yi lalle. Rauta ba ta taɓa ɗauka ba, kuma ba ta ɓoye mini ba. Ni ma abin da ya ja ni ke nan: wadda ta iya fito da 'yar lambar da ake bugawa a cikin zobe, rubutun sitika ba zai gagare ta ba.

Na je da jaka cike. Rauta mai eriya huɗu, 'yar MiFi ta aljihu, suwic mai rami takwas na raba intanet ta kebul, akwatin naɗar bidiyon kyamarori, kebul kala biyu, da wata tsohuwar rauta da tsawa ta ƙone a gidan wani kwastoma. Wanda ya san Jos ya san yadda farkon damina yake a kan wannan tudu mai tsayin mita kusan 1,200. Duk shekara sai na kwashe gawar na'urori.

Abin da ta fara yi ya burge ni, don ba kyamara ta ɗauko ba. Safar hannu ta sa, ta ɗauko ɗan buroshi mai laushi da 'yar robar hura iska, ta zauna tana bin kowane rami. Na ce, "Hajiya, ai na goge su kafin in taho." Ba ta ce komai ba, ta ɗora rautar a tebur, ta ɗauki hoto guda, ta juyo mini da allon kwamfuta. Ƙurar hunturun bara tana nan kwance a tsakanin ramukan iska, ga zanen yatsana ɓaro-ɓaro a kan baƙar robar, ga wani siririn gashi da ya maƙale a gindin eriya. Da ido ba ka ganin ko ɗaya. Ta ce a hoton kusa rabin aikin shara ne, wanda bai share a tebur ba zai kwana yana sharewa a kwamfuta.

Kayan aikinta ba masu yawa ba ne. Kyamarar Canon, lensin makro mai milimita 100, sandar kyamara mai ƙafa uku, fitilu biyu masu rufin farin yadi, sai tarin kwali fari da baƙi da ta yayyanka da almakashi. Lensin irin wanda ke ɗaukar abu a ainihin girmansa ne, wato abin da ya kai santimita ɗaya a tebur, santimita ɗaya zai ci a kan farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara. In an baje wannan a allo, kan kebul guda sai ya cika fuskar kwamfuta. Kwalayen nan kuwa su ne sirrin. Roba mai sheƙi ba ta nuna kanta, abin da ke gabanta take nunawa, don haka ba na'urar take haskawa ba, kwalin take haskawa, na'urar ta kwaso farinsa. Inda take son gefen ya fito da kaifi sai ta kara baƙin kwali. Ƙanenta, wanda shi ne yaron shagon, yana riƙe da kwali tana ce masa matsa, dawo, tsaya nan, har sai wani farin layi ya bi gefen eriya daga sama zuwa ƙasa.

Hoton da ya fi cin lokaci shi ne na kan kebul. A wannan kusanci, iyakar abin da ke fitowa tas bai wuce zurfin milimita ɗaya ko biyu ba, ko da ta tsuke ƙofar hasken zuwa f/11. In bakin fulogin ya fito, wayoyin ciki sun dushe. In wayoyin sun fito, bakin ya tafi. Na ce ta ƙara tsukewa mana. Ta ce in ta wuce f/16 hoton gaba ɗaya laushi zai yi, ba riba. Sai ta kafe kyamarar, ta riƙa ɗauka tana murza zoben lensin kaɗan-kaɗan, kowane hoto da inda ya kama, daga baya manhaja ta tsinto wuri mai kaifi daga kowanne ta haɗe su hoto ɗaya. Sakamakon ya sa na yi shiru. Wayoyi takwas a jere cikin roba mai garai-garai, yadda muke jera su a tsarin T568B: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kana iya ganin inda haƙoran ƙarfen suka huda rigar kowace waya. Da ta ga haƙoran suna walƙiya ta yi dariya ta ce, "Injiniya, ashe dai gwal ɗin ka kawo mini." Ba ta yi ƙarya ba, ruwan zinare ne ake shafa musu, siriri ƙwarai, don kada su yi tsatsa.

A nan ne na samu hoton da ban zo da niyyarsa ba. Kebul na biyu da na kawo irin mai arahar nan ne da ake sayarwa a kwali an rubuta Cat6, wato ajin kebul mai inganci. Na fere waya ɗaya, na kankare ta da reza, na yi haka ga mai kyaun, ta jera su gefe da gefe. Mai kyaun ja ne har ciki. Mai arahar kuwa, ƙarƙashin jan sai ga fari fat: alminiyam ne aka yi wa fentin jan ƙarfe. Shekaru ina gaya wa mutane dalilin da ya sa kebul ɗina ya fi na kasuwa tsada, cewa na alminiyam yana karyewa in an lanƙwasa shi, ba ya kai mita 100 ɗin da aka tsara wa kebul, kuma yana zafi in aka tura wa kyamara wuta ta cikinsa. Suna jina ne kawai, a ransu suna cewa ciniki yake gyarawa. Yanzu sai dai in buɗe shafin.

'Yan fitilun gaban rauta sun ɗan ba ta wuya. In ta kunna manyan fitilunta sai koren ya ɓace, in ta kashe sai jikin na'urar ya nutse a duhu. Ta raba aikin biyu, hoto ɗaya na jiki, ɗaya na fitilu a ɗaki mai duhu da shata, wato murfin da ke barin haske ya shiga kyamara, a buɗe na ɗan lokaci, ta ɗora wannan kan wancan. Ta kuma kashe ƙwan silin, don wutarmu mai zagaye 50 a daƙiƙa tana sa wasu ƙwayaye ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma kyamara na kwasowa a matsayin ratsi-ratsi. An ɗauke wuta muna tsakiyar aiki, inbata ta karɓa, ko tsayawa ba mu yi ba.

Mun yi musu a kan kwaɗo. Ashe tun daren jiya, da na ce mata jigon aikin tsaro ne, ta aika an sayo sabon kwaɗo da sarƙa, ta tanadi shuɗiyar leda da za ta rufe fitila. Ta naɗe rautar da sarƙa, ta maƙala kwaɗon a eriya.

Na ce, "Hajiya, wannan fa shi na gudo."

Ta ce, "Injiniya, kai ka san waya, ni na san ido. Mutum sai ya tsaya kafin ya karanta. Bayan rauta ba ya tsayar da kowa."

Na ce, "Wanda zan ba littafin ya riga ya tsaya, a falonsa nake."

Ta ɗauka duk da haka, ta ce kyauta ne. Kuma tsakani da Allah shi ne hoto mafi kyau a cikin duka. Shuɗin haske ya kwanta a kan ƙarfen, inuwar sarƙar ta ratsa tebur. Ban sa shi a littafin ba. Wanda ya ga kwaɗo a kan rauta zai gyaɗa kai ya ce lallai tsaro na da muhimmanci, ya rufe shafin bai taɓa komai a gidansa ba. Ita har yau tana ganin na yi asarar bango mai kyau. Ƙila a fosta ko allon talla ita ce da gaskiya.

Hotunan da na zo dominsu guda uku ne, kuma dukkansu a wuraren da ba a kallo suke. Na farko maɓallin WPS. An ƙirƙiro shi don sauƙi, ka danna ka haɗa waya ko firinta ba tare da rubuta kalmar sirri ba, amma yana tafe da wata lamba mai alƙaluma takwas. A Disambar 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa na'urar ba ta duba lambar a dunƙule. Rabin farko take fara dubawa ta ce daidai ko kuskure, sannan rabi na biyu, kuma alƙalami na ƙarshe lissafo shi ake yi daga sauran. Maimakon gwaji miliyan 100, gwaji 11,000 ya isa. Sababbin rautoci suna kulle kansu in an yi ta gwadawa, amma tsofaffi da 'yan gwanjo sun cika gidajen garin nan. Ta ɗauki maɓallin daga gefe, haske ya goge shi har rubutun da aka tono a roba ya taso. Da ta ji bayanina sai ta ce a sa yatsa kusa da shi don mutum ya gane ƙanƙantarsa. Shawara ce mai kyau, na karɓa.

Na biyu ramin riset, ɗan hujin nan da ake soka tsinke a riƙe kamar daƙiƙa goma, na'urar ta manta duk abin da aka saita mata ta koma yadda ta fito daga kamfani. Intanet ya tsaya, yaro ya gani a YouTube, ya soka allura, intanet ya dawo, kowa ya yi murna, ba wanda ya lura cewa kalmar sirrin da na sa ta tafi, ta sitika ta dawo. Ta ɗauke shi da tsinken sakace a bakin ramin. Hoto ne mara kwalliya, amma duk uwar da ta gani takan ce, "Wallahi na ga Abba yana yin haka."

Na uku sitikar ƙasan na'ura, kuma a nan ne aikin ya kusa ɓaci.

A wannan 'yar takarda akwai sunan Wi-Fi, da kalmar sirrin kamfani, da lambar WPS, da lambar MAC, wato shaidar na'urar a kan intanet ɗin gida, mai harufa da alƙaluma 12, da siriyal, da adireshin shiga saiti irin su 192.168.0.1, wani lokacin har da suna da kalmar shiga. A MiFi akwai IMEI, lambar shaida irin ta wayar hannu, mai alƙaluma 15 a ƙarƙashin batir. Da yawa yanzu suna da lambar QR, wadda ba komai ba ce illa sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa a rubuce, ba a ɓoye su da komai ba. Lensin Hajiya ya fito da duk wannan tas, har ƙwayar tawada. Na gaya mata tun da farko cewa wannan hoton ba zai fita haka ba. Ta ce ba damuwa, za ta dusar da shi a kwamfuta.

Da yamma ina gida sai ga sitatus ɗin sutudiyon a WhatsApp: ɗan bidiyon bayan fage, ƙanen nan ya ɗauko allon kwamfuta da wayarsa, sitikar rautar shagona ta cika fuska, an sa waƙa a kai. Na tsayar da bidiyon, na ɗora ɗaya wayar tawa a kan lambar QR ɗin, nan take ta karanto suna da kalmar sirri. Gaskiya ne na daɗe da canja su, amma siriyal da MAC da lambar WPS suna nan yadda suke, kuma da rautar kwastoma ce da ban san inda zan sa kaina ba. Na kira ta. Ba ta yi gardama ba, ta ba da haƙuri, aka sauke cikin 'yan mintoci. Yaron ma ya karɓi wayar ya ce, "Oga, a yi haƙuri, ni na ɗauka lambar kamfani ce kawai." Na yarda da shi. A wurin da ake ɗaukar sarƙa da turare, tallata aiki tun kafin a gama shi ne al'ada, mai kaya ma murna yake yi.

Ba su kaɗai ba ne. A Afrilun 2015, kwana ɗaya bayan an yi wa gidan talabijin na TV5Monde na Faransa kutse, aka yi hira da wani ma'aikacinsu a ofis, ga takardun kalmomin sirri manne a bango a bayansa, duniya na kallo. A Janairun 2018, bayan hukumar ba da agajin gaggawa ta Hawaii a Amurka ta aika da gargaɗin makami mai linzami bisa kuskure, mutane suka tono wani hoton ofishin da aka ɗauka watanni kafin nan, suka zuƙo shi, sai ga kalmar sirri a 'yar takarda manne jikin kwamfuta. Mai ɗaukar hoto fuska da haske yake kallo. Rubutun da ke gefe ba nasa ba ne, sai an ce masa.

Dusarwar da ta yi alkawari ma ba ta gamsar da ni ba. Samfurin farko da ta turo, ta bi rubutun da ɗan hazo, amma in ka ƙanƙance ido kana iya cankar rabin alƙaluman. Lambar QR kuwa ta rufe tsakiyarta kawai da tambarin shagona, ba ta san an gina irin wannan lamba ne yadda za ta karantu ko da wani sashe ya lalace ba, a mataki mafi ƙarfi har kusan kashi 30 cikin ɗari. Na gwada, ta karantu. Mafitar da muka tsaya a kai mai sauƙi ce: na tsara sitikar bogi a kwamfuta, suna na ƙarya, lambobi na ƙarya, QR da ke kai mutum ga rubutun "canja kalmar sirrinka", na bugo ta a takarda mai gam, muka manna a kan ta gaskiyar, ta sake ɗauka. Ba ta caje ni kuɗin wannan zama na biyu ba. Na kuma roƙi a goge ainihin hotunan farko daga memori da kwamfuta, ta goge a gabana, har kwandon shara.

Akwai wani abu da na duba wanda ba ta taɓa ji ba. Kowane hoto yana tafe da bayanan da ba a gani: irin kyamara, rana da lokaci, in kuma waya ce mai GPS a kunne, har inda aka tsaya aka ɗauka. Hotunan kyamararta ba su da wuri. Na wayar ƙanen suna da shi. In an tura hoto a WhatsApp a matsayin hoto, wannan bayani yana gogewa, amma in an tura shi a matsayin fayil yana tafiya da komai. Ga mai sayar da turare wannan ba komai ba ne. Ga wanda aka je gidansa aka ɗauki akwatin kyamarorinsa da inda ya ɓoye shi, magana ce babba.

Akwatin kyamarorin ma ya samu shafinsa. Ta ɗauki allon shiga, inda aka rubuta admin a sama, ramin kalmar sirri a ƙasa. A ƙarƙashinsa na ba da labarin Mirai a taƙaice: manhajar da a 2016 ta riƙa yawo a intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri na kamfani kusan 60 a kan kyamarori da rautoci, irin su admin da 12345, ta tara dubun dubatar na'urori, aka yi amfani da su ranar 21 ga Oktoba aka durƙusar da kamfanin Dyn, wanda ke nuna wa kwamfutoci hanyar zuwa manyan shafukan intanet, sai Twitter da Netflix suka ɗauke wa jama'a da dama a Amurka. Masu na'urorin ba su ma san da su aka yi ba. Birtaniya ta hana sayar da irin waɗannan kaya da kalmar sirri ta bai-ɗaya tun 29 ga Afrilun 2024. Mu nan duk abin da kwantena ta sauke shi muke kafawa, don haka gyaran yana hannun mai gida. Hoton allo yana da wuyar ɗauka, yakan yi wani zane-zane mai kama da igiyar ruwa. Ta ɗan karkata kyamarar ta ja baya, ya tafi.

Rautar da tsawa ta ƙone ba ta ba mu wahala ba. Na buɗe ta, ta ɗauki baƙin tabon da ke bayan ramin kebul, inda allon ya kumbura ya fashe. Shi na sa a shafin da ke cewa a zare kebul da fulogi in hadari ya haɗo.

Batun kuɗi. Ba ta da araha. Abin da na biya zai sayi rauta biyu masu matsakaicin kyau, kuma a kan kowane hoto da aka gama gyarawa take caji, ba a kan awa ba. Hotunan da sai an haɗa da yawa kafin su zama ɗaya, kamar na kan kebul, kuɗinsu daban, kuma ba ta faɗi haka ba sai da lissafi ya zo. Ban ji daɗin wannan ba, ko da yake da na ga yawan aikin ban ja ba. Rabin kuɗi ake bayarwa kafin a fara. Ranar da ta ce in zo in karɓa ta wuce, don biki ya faɗo mata a ƙarshen mako, kuma sai da na kira kafin aka gaya mini. Da farko ta turo su ta WhatsApp a matsayin hoto, wanda ke matse su har ƙananan rubutu su narke. Na koma da filas ɗin kwamfuta na kwaso manyan.

Ku kuma yi maganar mallaka tun kafin a kunna fitila. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, asali hoto na wanda ya ɗauka ne sai in an yi wata yarjejeniya. Biyan kuɗin aiki kaɗai ba ya mayar da shi naka. Mun rubuta a bayan rasit cewa zan buga su a littafi da talla yadda na so, ita kuma za ta iya nuna waɗanda na amince da su kaɗai. Ta sa hannu ba tare da ɓata rai ba, ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta.

Wani alheri da ta yi mini: da na kai wa mai buga littafi, samfurin farko ya fito baƙi ƙirin, ramukan suwic duk sun haɗe. Abin da ke da kyau a allo mai haske ba lallai ya yi kyau a takarda ba. Na mayar mata, ta buɗe inuwoyin, ta sauya bayan wasu daga baƙi zuwa toka-toka, ba ta karɓi ko kwabo ba.

Zan koma, don akwai akwatin faiba da na'urar Starlink ta intanet ɗin tauraron ɗan'adam da ke ta shigowa gidajen Rayfield, ina son ƙara musu shafi. In kai ma irin wannan aiki ne zai kai ka, manna sitikar bogi tun daga gida, kada ka kai na'urar kwastoma, kuma ka faɗa a gaban yaron shago, ba Hajiya kaɗai ba, cewa babu sitatus sai ka gani. Ka je da cajar kowace na'ura da doguwar soket, don nata duk fitilu sun cinye. Benen yana da tsayi kuma matakalar ƙunci gare ta, in kayanka da nauyi ka taho da yaro. Ka nemi safiyar Talata ko Laraba. Daga Alhamis zuwa Lahadi amare sun riga ka.